Karkarwar tsohuwar mota mai giyar otomatik a matsakaicin gudu: kwanbata ce ko inji?

Abban_Yara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin giyar otomatik, domin motata ta tsiro da wani hali da ya hana ni sakat kusan wata biyu ke nan. Ƙirar 1998 ce, injinta silinda huɗu, giyarta otomatik mai hawa huɗu, kuma ta ci tafiya fiye da kilomita 280,000. Da safe idan na tashe ta lafiya ƙalau take, tana canja giya ba tare da fizga ba. Amma da zarar na yi tafiyar kamar minti ashirin, na hau miƙaƙƙen titi, gudu ya kai tsakanin kilomita 65 zuwa 80 a awa ina taka totur a hankali, sai ta kama wata irin karkarwa kamar na hau gargada, har madubin ciki ya riƙa rawa in kasa gane abin da ke bayana. Idan na ƙara taka totur ko na ɗaga ƙafa, nan take sai ta daina. Wani lokaci kuma allurar da ke nuna juyawar inji takan hau ta sauka da kanta da kamar 200 ko 300, alhali ƙafata ba ta motsa ba. Fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba. Bakaniken da na kai wa ya zaga da ita sau ɗaya kawai ya ce giyar ta gama yayi, a nemo wata. Hankalina bai kwanta da hukuncin ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Mai_Sifana:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ba ka yi gaggawa ba. Abin da ka siffanta ya yi kama da matsalar kullewar kwanbata, wato ƙaton kaskon nan mai cike da mai da ke tsakanin inji da giya. A ƙaramin gudu babu wani ƙarfe da ya haɗa inji da giya kai tsaye. Fanka ɗaya da inji ke juyawa ce take watsa mai a kan wata fankar, ita kuma ta juya giyar, shi ya sa za ka tsaya cak a kan birki giya tana ciki kuma mota ba ta mutu ba. Illar wannan tsari ita ce kullum akwai ɗan santsi tsakanin fankokin, santsin kuwa yana cin fetur yana haifar da zafi. Don haka aka sa wani kuloci a cikin kaskon, wanda kwamfutar mota ke ba wa umarni ya damƙe idan gudu ya daidaita, sai inji da giya su riƙa juyawa tare kamar a motar manuwal. Gudun da ka ambata shi ne daidai inda yawancin motoci masu giya huɗu suke kulle wannan kuloci.

Ga gwajin farko, kuma ba ya bukatar komai sai titin da babu cunkoso. Idan karkarwar ta taso, ka riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, gwargwadon abin da zai kunna fitilun baya kawai. Kwamfuta tana sakin kulocin da zarar ta ji birki. Idan allura ta ɗan ɗaga kuma karkarwar ta ɓace, to abin yana da nasaba da lokacin kullewa. Idan ta ci gaba, sai ka koma ga tayoyi, shaf da robobin da inji ke zaune a kai.

Direban_Dare:
Ni shawarata ka bi maganar bakanikenka. Giyar otomatik idan ta fara irin wannan a kilomita 280,000, gyare-gyaren da za ka yi ta yi sai sun fi sayen wata wahala.

Tsohon_Bakanike:
Direban_Dare, ɗana, ban yarda da kai ba. Giyar da take shiga kowane hawa lami lafiya, ba ta zamewa, ba ta jinkirin shiga ribas, ba a yanke mata hukuncin mutuwa saboda karkarwa a wuri guda.

Amma ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Mai_Sifana, domin a nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Gwajin birki yana nuna maka lokacin da matsalar ke fitowa, amma ba ya nuna maka mai laifi. Shekarun baya an kawo mini wata mota da irin wannan karkarwa, na yi gwajin birki, ta daina, sai na sauke giya na canja kwanbata. Kwana biyu muka yi a kan aikin. Da muka fita gwaji, muna kaiwa 70 sai ga karkarwar nan daram, kamar ba a taɓa komai ba. Da daddare na buɗe bonet a cikin duhu, na fesa ɗan ruwa a kan wayoyin fulogi, sai na ga tartsatsi shuɗi yana tsalle daga waya ta uku zuwa jikin inji. Wayar ce ta tsage. Dalilin shi ne, muddin kulocin bai kulle ba, man da ke cikin kwanbata yana shanye tuntuɓen inji ba ka jin sa. Da ya kulle, duk silindar da ta ƙi kamawa sai ka ji ta a kujerarka. Kuma daidai wannan yanayi, wato giya ta ƙarshe, juyawar inji ƙasa-ƙasa, nauyi a kan inji, shi ne inda raunin wuta ya fi bayyana. Saboda haka, Abban_Yara, yaushe rabonka da canja fulogi da wayoyinsu?

Dalibin_Kanikanci:
Baba, to ta yaya mutum zai bambance su tun daga kan sitiyari, kafin ya kwance komai?

Tsohon_Bakanike:
Karkarwar kuloci tana da sauri kuma a jere take, kamar ana kaɗa ganga da yatsu, kuma ta fi zuwa a daidai lokacin da kulocin ke ƙoƙarin damƙewa, ta yi 'yan daƙiƙu ta lafa. Ta inji kuwa fizga ce, ɗaya yanzu, biyu an jima, ba ta da tsari, kuma tana ci gaba ko bayan kullewa ta kammala, musamman a hawan tudu. Sai dai kunne da jiki suna yaudara, ni shaida ne. Abin da ya fi shi ne ka ciro fulogi ka duba bakinsu, ka auna wayoyin, ka duba kwail, wato abin da ke ba fulogi wuta, ko ya tsage.

Hajiya_Mai_Tuki:
Ni ba bakanikiya ba ce, amma na sha fama da irin wannan a motar da na yi shekara tara ina hawa. A wurina man giya ne. An taɓa ƙara mini wani mai da ba nata ba, bayan 'yan makonni ta fara wannan rawar a titi. Da aka zubar aka zuba wanda littafinta ya ambata, sannu a hankali ta daina. Malam, ka zaro sandar auna man ka goga a farar takarda ka gaya mana launin da ka gani da irin warin da ka ji.

Injiniya_Lantarki:
Maganar Hajiya tana da tushe. Fuskar kulocin nan an lulluɓe ta da wani abu mai kama da takarda mai kauri, kuma a cikin man giya akwai sinadaran da aikinsu shi ne su sa kamun ya zo da laushi. Idan sinadaran suka ƙare saboda tsufa da zafi, sai fuskar ta riƙa kamawa tana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, wannan ita ce karkarwar. Jan launi ba ya nufin mai iri ɗaya ne. Dexron III daban, ATF+4 na Chrysler daban, Mercon V na Ford daban, T-IV na Toyota daban, kuma bambancinsu mafi girma yana cikin waɗannan sinadaran ne. A duba littafin mota ko rubutun da ke jikin sandar aunawa. Yawan man ma a duba: mota ta yi zafi, tana tsaye a wuri mai daidai, inji yana aiki, an zagaya da liba kowane hawa an dawo P.

Mai_Sifana:
Gyara kaɗan, Injiniya. Tsofaffin Honda ana auna nasu ne bayan an kashe inji, nan da nan. Wanda ya auna yana aiki zai sami karatu na ƙarya.

Direban_Dare:
Ni abin da na sani shi ne ba a taɓa man tsohuwar giya. Na ga mota tana tafiyarta, aka canja mata mai, bayan sati ta ƙi motsi.

Tsohon_Bakanike:
Wannan magana ta yaɗu, kuma akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, amma an juya ta. Giyar da ta tsaya bayan canjin mai, faifan kulocinta sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo a cikin baƙin man ne yake ɗan ba su kamu. Irin wannan man za ka same shi baƙi wuluk yana warin ƙuna, kuma giyar tana zamewa tun kafin a taɓa ta. Idan man ruwan ƙasa ne kawai, babu ƙauri, canja shi alheri ne. Ni dai ba na son na'urar da ke tura mai da ƙarfi a tsohuwar giya. Na fi son a kwance kwanon ƙasa, a duba maganaɗisun da ke ciki, a canja matata, a zuba sabo. Laushin toka mai kama da kwalli a jikin maganaɗisu ba abin damuwa ba ne; ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin baƙar takarda su ne mugun labari. A sani kuma zubarwa ɗaya ba ta fitar da abin da ya wuce kamar kashi ɗaya cikin uku, saura yana cikin kwanbata da bututun sanyaya. Idan aka maimaita sau uku, ana ɗan yin tafiya a tsakani, wajen kashi 70 cikin 100 na man zai zama sabo.

Abban_Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na yi gwajin birki har sau huɗu, kowane karo allura ta ɗaga da kamar 250 kuma karkarwar ta tsaya. Man giya ruwan ƙasa ne mai duhu, babu warin ƙuna, kuma ban taɓa canja shi ba tun da motar ta zo hannuna. Fulogi, Baba, gaskiya sun fi shekara huɗu. Akwai kuma wani abu da ban ɗauka yana da muhimmanci ba: allurar zafin inji ba ta kaiwa tsakiya, a buɗaɗɗen titi ma sai ta sauko kusan ƙasa. Na tambaya aka ce mini an cire tamostat tun da daɗewa don kada ta yi zafi.

Injiniya_Lantarki:
To, wannan bayani na ƙarshe mai yiwuwa shi ne amsar rabin tambayarka. Kwamfuta ba ta barin kulocin ya kulle sai ruwan inji ya kai wani mataki na zafi, a motoci da yawa na wancan zamani wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa ba ka jin komai da safe. Tamostat aikinta ta riƙe inji a sama da digiri 80. Idan babu ita, iskar titi tana iya sauko da zafin har ya riƙa shawagi a bakin wancan mataki, kwamfuta ta kulle, ta saki, ta sake kullewa, kai kuma ka ga allura tana hawa da sauka. Ina ganin matsaloli biyu ne a motarka suka haɗu, hawa da saukar allura daban, karkarwa daban.

Amma kada a tsaya a tamostat kaɗai, domin abubuwa biyu suna kawo irin wannan. Na farko makunnin fitilar birki: idan ya saki ko ya goce, ɗan girgizar titi tana sa ya aika saƙon ƙarya cewa an taka birki. Ka sa wani ya bi ka a baya ya lura ko fitilun suna ƙiftawa. Na biyu sansar da ke gaya wa kwamfuta matsayin totur. Tana cinyewa ne a daidai wurin da ƙafa ta fi zama, sai ƙarfin wutar da take aikawa ya riƙa tsalle. Da mita za a gane: daga wajen rabin bolt a silo ya kamata ya hau a hankali zuwa wajen huɗu da rabi, ba tare da yankewa ba.

Direban_Dare:
Tamostat ɗin nan ni ma na cire tawa, kuma ban ga illa ba. A lokacin zafi ai taimako ne.

Mai_Sifana:
Illar tana nan, ba ka lura ba ne. Injin da bai kai zafinsa ba yana shan fetur fiye da ƙima, man inji yana saurin gurɓata, kuma ga shi yanzu ka ji abin da take yi wa giya. Motar da ke zafi da tamostat mai lafiya, lagiretarta ce ta toshe, ko fanka, ko famfon ruwa. Tun da an ambaci lagireta, Abban_Yara ya sani cewa man giya yana ratsawa ta cikinta don ya huce. Idan bututun ya fashe ruwa ya shiga, man zai koma kamar madara mai ɗan ja, ruwa kuwa yana ɓamɓare fuskar kuloci. Launin da ya faɗa ya nuna bai kai ga haka ba.

Dalibin_Kanikanci:
Na taɓa ji ana cewa a zare soket ɗin solinoyid ɗin kullewa, wato bawul ɗin lantarki da ke sa kulocin ya kama, a huta. Ko hakan mafita ce?

Mai_Karatun_Injuna:
Dabarar tana da asali. Kulle kwanbata tsohuwar fasaha ce, kamfanin Packard na Amurka ya sa ta a giyarsa Ultramatic tun 1949, sannan aka yi watsi da ita har sai da tsadar mai ta shekarun 1970 ta tilasta, Chrysler ya dawo da ita a 1978, sauran suka biyo baya. A shekarun 1980 giyar General Motors mai suna TH125C ta yi ƙaurin suna da maƙalewar solinoyid: mutum ya gama doguwar tafiya, ya zo tsayawa, mota ta yi ta fizga ta mutu kamar mai manuwal da ya manta bai taka kuloci ba, ya tayar, yana sa giya ta sake mutuwa, sai ta huce ta warware. A wannan giya soket ɗin da ke gaba kusan kullewa kaɗai yake kula da ita, canjin hawa kuwa matsin mai ne ke yin sa, saboda haka zare shi gwaji ne mai kyau. Motar 1998 ba haka take ba. Soket ɗaya yakan ɗauki wayoyin dukkan solinoyid, idan ka zare shi giyar za ta maƙale a hawa ɗaya. Ko da an yanke wayar kullewa ita kaɗai, tafiya mai nisa a giya ta huɗu ba tare da kulle ba tana dafa man, domin santsin nan duk zafi yake zama.

Injiniya_Lantarki:
Haka ne. Kuma tun da motar ta 1998 ce, akwai yiwuwar tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, na tsarin OBD-II da aka wajabta a Amurka daga 1996, inda ake jona na'urar da ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota. Rashin kamawar fitila ba ya nufin babu lamba a ajiye, wasu suna zaman jira. P0740 da P0743 sun shafi layin wutar kulocin, P0741 tana nufin an ba da umarnin kullewa amma santsi bai ragu ba, P0742 ya maƙale a kulle. P0300 zuwa P0304 kuwa tuntuɓen inji ne, wanda zai gaskata Baba. Amma abin da ya fi lambobi amfani shi ne a jona na'urar ana tafiya, wani yana tuƙi wani yana kallo. A kwatanta juyawar inji da ta shaf ɗin da ke shiga giya, idan giyar tana da sansar da ke auna shi. Lokacin kulle bambancin ya kamata ya sauko kusan sifili, ko 'yan gomomi a motocin da aka tsara su da ɗan santsi da gangan. Idan umarni yana tsaye amma bambancin yana tsalle, laifin na kuloci ne ko matsin mai. Idan umarnin ne da kansa yake zuwa yana ɗaukewa, laifin na abin da ke ba kwamfuta labari ne. Idan kuwa bambancin yana sifili daram mota kuma tana karkarwa, a bar giya a koma inji.

Tsohon_Bakanike:
Wannan rabe-rabe na Injiniya da na same shi a wancan lokaci da ban sauke giyar bawan Allah a banza ba. Abin da zan ƙara shi ne solinoyid yana iya ba da karatu mai kyau a mita yana sanyi, ya yanke idan ya yi zafi, don haka a auna shi sau biyu a kwatanta da abin da littafi ya ce. Yana kuma iya zama lafiya ta fannin wuta amma datti ya toshe shi, ko ramin bawul ɗin da yake turawa ya cinye yana yoyon matsi. Masu giyar 4L60E ta General Motors sun san wannan da lambar P1870. Duk waɗannan ana isa gare su ta ƙasa, ba sai an sauke giya ba. Kwanbata ita ce ta ƙarshe, domin a rufe take da walda, sai an raba giya da inji. Idan har ta kai ga haka, a wanke bututun sanyaya kafin a ɗaura sabuwa, kuma a tabbata ta zauna sosai a cikin famfon giya kafin a ɗaure kusoshi, in ba haka ba famfon zai fashe tun a tashin farko.

Abban_Yara:
Ga inda aka kwana bayan kwana goma. An mayar da tamostat, allurar zafi tana tsayawa a tsakiya, kuma hawa da saukar allurar inji ta daina gaba ɗaya. An canja fulogi da wayoyi. Biyu daga cikin tsofaffin bakinsu ya cinye sosai. An kwance kwanon giya, maganaɗisu yana da laushin toka amma babu ɓarɓashi, an canja matata an zuba man da littafi ya ce, zubarwa ɗaya ke nan. Na'ura ba ta nuna wata lamba ba. Karkarwar ta ragu ƙwarai, a shimfiɗaɗɗen titi ba na jin ta, amma a ɗan hawan tudu wajen 70 tana zuwa na daƙiƙa biyu ko uku ta wuce.

Hajiya_Mai_Tuki:
Tawa ma haka ta yi, sai bayan zubarwa ta biyu ta ɗauke. Ka ƙara haƙuri da ita.

Direban_Dare:
Ina yi maka fatan alheri, amma ina nan a kan bakana. Fuskar kulocin ta riga ta gaji, sabon mai ɓoye ciwon kawai zai yi na ɗan lokaci.

Mai_Sifana:
Mai yiwuwa Direban_Dare yana da gaskiya a wannan karon, mai yiwuwa kuma Hajiya ce. Matsalar ita ce an canja abubuwa uku lokaci guda, don haka ba mu san wanda ya rage karkarwar ba, fulogi ko mai. Kwail ɗin ma ba a ce an duba shi ba, kuma hawan tudu shi ne wurin da yake nuna rauninsa.

Injiniya_Lantarki:
Malam, kafin zubarwa ta biyu ka koma wannan tudun da na'ura a jone, a rubuta juyawar inji, matsayin umarnin kullewa da bambancin santsi a daidai daƙiƙun da take karkarwa. A halin yanzu, idan za ka hau tudu a wannan gudu, ka danna maɓallin O/D, wanda ke kashe giya ta huɗu, ta koma giya ta uku don a rage wa kulocin nauyi. Ka kawo mana alƙaluman idan ka samu, sannan ka gaya mana ko na'urar tana nuna ƙidayar tuntuɓen kowace silinda.